Allon zayyanar da ke rataye a ɗakin tsohuwa

A gidaje da yawa na cikin birnin Kano akwai wani allo da ba a wankewa. Allon zayyana ne, wanda ɗalibi ke riƙewa ranar sauka ya karanta Fatiha da farkon Baƙara gaban malamai da dangi. Mai zayyana kan zauna da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da ƙaro, ya ja layi cikin layi, ya cike gidajen da ja da kore da ruwan ɗorawa, wani lokaci a kan takarda sannan a manna ta jikin allon. Ba ya sa hannu. Da an gama walima sai a rataye, ƙura ta hau, gara ta biyo baya.

Irin wannan aiki na mutanen da ba su yi makarantar zane ba ya zama dukiya a wasu ƙasashe. A Amurka an yi Edward Hicks, wanda ya rasu a 1849, mai fentin keken doki da allunan shaguna. Ya yi ta maimaita zanen wani fili da zaki da ɗan rago ke zaune lafiya, har sama da sau 60. A 2008 aka yi gwanjon ɗaya daga cikinsu fiye da dala miliyan 9. Kyawun zanen na ciki, amma abin da ya ɗaga kuɗin har da sanin wanda ya yi shi da hannayen da ya ratsa.

A nan namu yake da rauni. Allo zai fito daga gida, dillali ya kai shi Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, baƙo ya taya a sallama. Sunan ɗalibin, da unguwarsu, da malamin da ya saukar da shi, duk sun tsaya a bakin ƙofa. Ga kuma 'yan dabara masu turara sabon allo da hayaƙi ya yi baƙi. Mai ido yakan duba mariƙin: hannu na sa itace sheƙi, hayaƙi kuwa ko'ina yake kamawa daidai.

Akwai doka ma, ko da yake ba kowa ya san da ita ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba, kuma aikin hannun da aka yi kafin 1918 yana cikinsu.

Ni a ganina, allon da ke ɗauke da ayoyi bai kamata a yi cinikinsa kamar akushi ba. Wanda ya gaji irinsa ya tambayi tsofaffin gida tun suna raye, ya rubuta na wane ne da shekarar saukar, ya nisanta shi da danshi. In ajiyar ta gagara, gidan tarihi na Gidan Makama na nan kusa da fada.