Gilashin Matacciyar Kwamfuta Ba Na Juji Ba Ne

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na masu sana'a. Ga babbar kasuwar shanu wadda sunanta ya kai ko'ina a Afirka ta Yamma, ga manyan motoci da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri dare da rana, ga kuma kafintoci da masu fenti da masu gyaran rediyo da waya. To, akwai wani aiki guda wanda zai iya haɗa waɗannan masu sana'a uku wuri ɗaya, wato mai da gilashin matacciyar kwamfuta ya zama allon kallo sabo.

Jama'a sun sani yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai na gwanjo ne, waɗanda ake saukewa a Ikko, su bi ta kasuwar Ikeja har su iso Arewa. Idan cikin irin wannan kwamfuta ya ƙone, akan jefar da ita gaba ɗaya, alhali kuwa sau da yawa gilashinta lafiyarsa ƙalau. Wannan asara ce a fili, musamman ga ɗalibin da ba shi da kuɗin sabon allo.

Kada wani ya raina aikin don an yi shi da katako. A shekarar 1976, a Amurka, Steve Wozniak ya ƙera kwamfutar Apple ta farko, aka yi kimanin guda 200, ana sayar da kowace a kan dala 666 da santi 66. Faifan wayoyi ne kawai tsirara, ba akwati, ba gilashin kallo. Masu saye su ne suka riƙa yi mata gida, waɗansunsu da katako.

Ga yadda aikin yake. Da farko a kwance kwamfutar a hankali, a cire gilashin, a duba bayansa. Akwai takarda manne mai ɗauke da lambarsa. Da wannan lamba ake neman ƙaramin faifan lantarki wanda ke karɓar hoto daga wata kwamfuta ta wayar HDMI ko VGA, ya aika wa gilashin. Tilas faifan ya dace da lambar, domin wani gilashi bakin wayarsa haƙora 30 ne, wani 40, kuma ko haƙoran sun zo daidai, ba lallai ne su yi aiki iri ɗaya ba. Wanda ya yi ganganci ya haɗa wanda bai dace ba, yana iya ƙona duka biyun. Yawancin faifan nan bolt 12 suke sha, saboda haka batirin hasken rana yana iya tada su idan an ɗauke wuta, muddin an sa fis da abin daidaita ƙarfin wutar.

Sai a yi hattara da tsofaffin gilasai, irin waɗanda aka ƙera kafin shekarar 2010. Da yawansu fitilarsu siririyar kwalba ce mai zaiba a ciki, wadda guba ce idan ta fashe, kuma wutar da ke kunna ta tana kai bolt ɗaruruwa. Kada a taɓa wurin sai an zare waya, kada kuma a bar yara su yi wasa da fasasshen.

Bayan an gwada an ga hoto ya fito, sai a nufi wurin kafinta ya auna, ya yi akwati da falanki mara nauyi. A huda ramukan shan iska a sama da ƙasa, gama zafin Potiskum a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma zafi shi ne babban abokin gaban kayan lantarki. Kada a matse gilashin da ƙusa, a bar masa ɗan sarari.

Wajen fenti nan ne mutane da yawa kan ɓata aikinsu. Doka ta farko, akwatin kaɗai ake shafawa, kafin a sa gilashi da wayoyi a ciki. A goge katakon da samfefa har ya yi sumul, a shafa fentin ƙasa, a bari ya bushe, sa'an nan a yi shafi biyu ko uku marasa kauri. Shafi ɗaya mai kauri zuba yake yi, ya bar zane kamar hawaye. A lokacin hunturu a yi aikin inda ƙura ba ta kaiwa, amma mai iska, saboda warin fenti yana cutar da huhu. Gefen da ke kewaye da gilashin ya fi kyau da baƙin fenti mara ƙyalli, don kada ya gajiyar da ido. Bayan akwatin kuwa, mai zanen manyan motoci yana iya ƙawata shi yadda ya ga dama.

Potiskum tana da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta koyar da fasaha, inda ake horar da malaman sana'a. Muna fata malamai da masu gyara za su riƙa tara matattun kwamfutoci, su koya wa samari wannan aiki, maimakon a bar su a juji ana ƙonawa. Masu iya magana sun ce amfanin ilmi aiki da shi. Allah ya sa a gane.