Juyin Ilektaron da Falle Ɗaya na Bakin Fensir

Duk wanda ya riƙe wayar hannu a Kazaure ko Babura cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin rana kan haye digiri 40, ya san yadda takan ɗau zafi, batirinta ya ƙare tun kafin la'asar. Rana tana da nata laifin, amma akwai na cikin gida. Na'urorin zamani suna aiki ne da tura ilektaron, watau ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, ta cikin hanyoyi masu tsananin ƙunci, wannan turereniya kuwa ita ke haifar da zafi da ɓarnar wuta.

To, ilektaron yana da wata ɗabi'a ta biyu. Kowane ɗaya tamkar ɗan maganaɗisu ne mai fuskantar sama ko ƙasa. Masana sun laƙaba wa wannan ɗabi'a sunan juyi, kamar na katantanwar yara, ko da yake kwatance ne kurum. Idan aka ɗauki sama a matsayin 1, ƙasa kuma 0, an sami harafin rubutu ke nan. Abin da aka rubuta da shi kuwa ba ya gogewa don an ɗauke wuta, fa'idar da mutumin Roni ko Gwiwa ba ya bukatar a yi masa bayaninta.

Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus su suka buɗe wannan ƙofa a 1988, aka ba su kyautar Nobel a 2007. A 2004 kuma, a Jami'ar Manchesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta ɓare girafait, watau bakin fensir, da salatif, har suka kai ga falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Shi ne girafin. Sai an jera kusan miliyan 3 kafin a cika milimita guda. A 2007 masana a Jami'ar Groningen ta Holan suka nuna cewa juyi yana tafiya cikinsa a zafin ɗaki ba tare da ya rikice da wuri ba.

Sai dai girafin ɗan aike ne kawai: yana kai saƙo, ba ya rubuta shi. Tilas a shimfiɗa masa wani falle mai maganaɗisu, kuma nan gizo ke saƙar. Wanda aka samu a Amurka a 2017, haɗin kuromiyam da aidin, ba ya riƙe maganaɗisunsa sai a sanyin digiri 228 ƙasa da sifiri, iska ma ɓata shi take yi nan da nan. A 2022 masana a Wuhan ta ƙasar Sin suka ba da labarin wani haɗin ƙarfe da galiyam da teluriyam mai jure fiye da digiri 70. Wannan ya fi ƙarfin bazarar Kazaure. Saura a iya ƙera falle mai faɗi, iri ɗaya, a masana'anta, domin abin da salatif ke ɓarowa da ƙyar ido ke ganinsa.