Koyon Kiɗan Ganga Ba Tare da Damun Maƙwabta Ba

Jerin gangunan zamani, irin waɗanda makaɗi ɗaya ke bugawa da hannu da ƙafa, ƙararsu kan wuce desibel 100, alhali kunne yana fara cutuwa idan ya daɗe cikin ƙarar da ta haura 85. Shi ya sa mai koyo ke buƙatar hanyar motsa hannu ba tare da ya hana maƙwabta barci ba.

Mafi arha ita ce faifan roba da ake ɗorawa a kan tebur. Sanda tana dawowa daga kansa kusan yadda take dawowa daga fatar ganga, amma sautin ba ya wuce ɗaki. Wasu kan buga matashin kai. Da yake shi ba ya mayar da sanda, wuyan hannu ne ke ɗaukar dukan aikin, kuma hakan yana ƙara masa ƙwari.

Mai hali kan sayi gangar lantarki. A 1997 kamfanin Roland na Japan ya fito da V-Drums masu fatar raga, waɗanda makaɗi ke jin sautinsu ta na'urar kunne. Sai dai bugun ƙafa yana ratsa daɓe, don haka mazaunin bene sai ya shimfiɗa darduma mai kauri.

Wajen zaɓen sanda, lamba ce jagora: 7A siririya ce, 5A matsakaiciya, 2B kuwa mai kauri da nauyi. Da 5A aka fi farawa. Akan mirgina sandar a kan tebur kafin a biya. Idan ta yi rawa, karkatacciya ce.