Me Ya Sa Matasan Damargu Suka Fi Sanin Tarihin Sadio Mané Da Na Langa-Langa?

A shekarar 2025 gasar kokowa ta ƙasa ta cika shekara hamsin, tun daga karon farko da aka yi a Tawa a 1975, wanda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe. Babu wasan da ke tsayar da Nijar cak kamar wannan. Duk da haka, zauna a fadar matasa a Tanut ko Belbeji, a ƙasar Damargu, da dare ka saurari hirar da ake yi ana jiran shayi. Za ka ji yaro yana zayyana yadda Sadio Mané ya gudu daga ƙauyen Bambali zuwa Dakar ba da sanin gidansu ba, da yadda Cristiano Ronaldo ya bar tsibirin Madeira yana ɗan shekara 12. Ka tambaye shi garin da aka haifi Langa-Langa, wanda filin kokowa na Damagaram ke ɗauke da sunansa, ko wa ya koya masa kokowa, ko wa ya fara kada shi, sai wuri ya yi tsit. Abin yana damuna ƙwarai, amma ban ɗora wa yaran laifi ba. Abin da aka ɗauka aka kawo musu shi suka kalla. Namu kuwa mun bar shi a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ta tafiya.

Hanyar da finafinan tarihin 'yan wasa ke bi su iso Damargu sananniya ce. Mai turin finafinai a tasha ko a kasuwa yana da kwamfuta da faifan sola, ka miƙa masa katin waya ya cika maka da 'yan kuɗi kaɗan. 'Yan ci-rani da ke dawowa daga Libiya da Aljeriya da Najeriya su ma da wayoyinsu cike suke dawowa. Fim mai tsawo a yanka shi guntu-guntu ya bi WhatsApp da Facebook da TikTok, wani lokaci har da muryar mai yin bayani da Hausa. Ta nan finafinan Indiya masu fassarar Hausa suka mamaye garuruwanmu, ta nan kuma tarihin 'yan ƙwallo ya biyo baya. Sai dai wannan ƙaramin sababi ne. Samuwar salula ba ta bayyana dalilin da zai sa saurayi ya zauna awa biyu yana kallon labarin wasan da ya riga ya san wanda ya ci ba.

Dalilin yana cikin abin da irin waɗannan finafinai ke nunawa. A cikin fili, ɗan wasa ko gwani ne ko rago, shi ke nan. A fim ɗin tarihinsa kuwa za ka gan shi da uwa da ƙauye da talauci da fargaba. Fim ɗin Made in Senegal na 2020 ya nuna Mané yaron da mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 7, a ƙauyen da babu asibiti. Shi ne kuma ya dawo ya gina makaranta da asibiti a Bambali. Saurayin da ya tashi a Falenko ko Tenhya, wanda ya san nisan da ke tsakanin majinyaci da likita, wanda shi ma ya taɓa ɗare bayan mota ya nufi Agadas neman abin rufin asiri, rayuwarsa yake gani a cikin wannan labari. Kuma masu kallo ba nasara kaɗai suke nema ba. Fim ɗin da Asif Kapadia ya yi kan Diego Maradona a 2019 ya bi shi daga ɗaukakar da ya samu a Napoli har zuwa lokacin da miyagun ƙwayoyi suka durƙusar da shi. Sunderland 'Til I Die, wanda ya fara fitowa a 2018, labarin ƙungiya ne da ta faɗa rukunin ƙasa magoya bayanta suna hawaye, kuma mutanen da ba su taɓa taka Ingila ba sun so shi. Mai son wasa yana son ya ga yadda namiji ke shan kaye, da yadda yake miƙewa.

Wannan ƙishirwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun kafin kyamara ta zo, kokowa ba ta taɓa tafiya ba tare da labarinta ba. Bayan kaka, idan gero ya shiga rumbu, samarin wannan ƙauye su tafi wancan da makaɗansu. Ɗan kokowa ya shiga fili ya yi kirari, ya ambaci ubansa da garinsu da mazajen da ya kayar. Makaɗi ya ɗora, tsofaffi a gefe suna tuna wa yara yadda kakan wane ya yi da kakan wane. Abin da Sagalo ya yi wa 'yan kokowar Nijar ke nan, abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago da sauran 'yan dambe ke nan a ƙasar Sakkwato. Kafin a kama juna, ɗan kallo ya riga ya san su waye mutanen nan biyu, ya san abin da ke tsakaninsu. Wannan sani shi ke sa kaye ya yi zafi ko ya yi daɗi.

A nan ne babban sababin yake, a ganina. Da kokowa ta tashi daga dandalin ƙauye ta koma filin gwamnati da akwatin talabijin, kyamara ta ɗauki kaye ta bar labari. Gasar ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, kwana goma ce ko kusan haka. 'Yan kokowa 80 daga jihohi takwas, kowace jiha goma, Télé Sahel da gidajen rediyo suna watsawa kai-tsaye, ƙasa duka tana kallo. Ranar da aka miƙa takobi sai a naɗe wayoyi a kwashe kyamarori, sai baɗi. Sauran wata goma sha ɗaya ɗan kokowa yana gona, ko yana ci-rani, ko yana jinyar gwiwa da kuɗin aljihunsa, ko yana atisaye cikin rairayi da asuba. Wanda ya fito daga Damargu sai ya tsallake zaɓen garinsu, ya tsallake na Tanut ko Belbeji, sannan ya je Damagaram ya nemi gurbi cikin mutum goma. Da yawa a nan suke tsayawa, shekara bayan shekara, ba su fasa ba. Duk abin da ke sa mutane son fim ɗin Mané yana cikin wannan tafiya: rabuwa da gida, addu'ar uwa, rashin kuɗin mota, maigidan da ya tsaya wa yaro, abokin hamayyar da ya hana shi barci. Amma kyamara ba ta biyo shi can. Ko kwana goman da ake ɗauka, abin da ke saura a wayoyi guntaye ne na daƙiƙa talatin, daga kamu sai faɗuwa sai ihu.

Manyan finafinan da duniya ke yabo haƙuri ne ya haife su. The Last Dance, mai kashi goma, ya fito a 2020, amma hotunan da aka gina shi a kansu an ɗauke su ne a kakar wasa ta 1997 zuwa 1998, lokacin da aka bar masu kyamara su bi Michael Jordan da ƙungiyar Chicago Bulls har ɗakin sauya tufafi. Sama da shekara ashirin suna ajiye. Leon Gast ya ɗauki damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa a 1974, fim ɗinsa When We Were Kings bai fito ba sai 1996, ya kuma ci kyautar Oscar a shekarar da ta biyo. Abu biyu suka yi: sun ɗauki abin da ke faruwa a bayan fili, sun kuma adana. Gidan talabijin na ƙasa ya daɗe yana watsa gasar kokowa. Duk abin da ke cikin ma'ajiyarsa dukiyar jama'a ce, kuma kaset ba ya jure zafi da ƙura har abada.

Kada a ce ba mu da masu iyawa. Aïcha Macky 'yar Damagaram ce, fim ɗinta Zinder na 2021 ya shiga unguwar Kara-Kara ya zauna da matasan da kowa ke tsoro, har suka buɗe mata cikinsu. Malam Saguirou ya yi La Robe du temps kan gidan mahauta a Damagaram. Sani Magori ya yi fim kan manoman albasa na Galmi. Marigayi Moustapha Alassane har fim ya yi da 'yan tsana mai suna Kokoa, inda dabbobi ke kokowa. Matsalar ita ce irin waɗannan ayyuka galibi da tallafin abokan hulɗa na Turai ake yin su, don haka sun fi zagaya bukukuwan finafinai fiye da kasuwar Bakin Birji. Masu kuɗin cikin gida kuwa sun saba ba da kyauta a fili a kira sunansu a lasifika, ba su saba zuba kuɗi cikin aikin da zai ɗauki shekara biyu kafin a gan shi ba.

Sakamakon farko shi ne asarar tarihi. Kantu, Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade na Tawa, Langa-Langa, Balla Haruna: sunaye ne da kowa ya sani, wasu an rubuta su a ƙofar filayen kokowa, amma ƙuruciyarsu da dabarunsu da abin da suka sha kafin su kai suna shuɗewa tare da waɗanda suka gani da ido. Idan haka abin yake ga zakarun ƙasa, ina ga gwanayen Gangara da Tarka da Olelewa da suka yi tashe a ƙauyuka ba su taɓa zuwa gasar ƙasa ba?

Na biyu, idan labari ya ɓace, jita-jita ke maye gurbinsa. A ƙarshen Disamban 2023, a Agadas, Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi karo na shida. Mutumin da ya yi wannan bajinta ya cancanci a san irin horon da yake yi wa jikinsa, da yadda yake karantar abokin karawa. Da yake ba a nuna wa jama'a wannan ɓangare na rayuwar zakaru ba, hirar fada takan ƙare a kan layu da guraye da wane malami ne ya fi wane. Yaron da ke sha'awar kokowa sai ya ɗauka sirrin duka a cikin laya yake, ya raina atisaye.

Na uku, burin matasa yana fuskantar waje. Ba na ƙin finafinan waje, suna koya wa yara juriya da taimakon garinsu, kamar yadda Mané ya yi. Amma idan duk labarin nasara da yaro ya gani daga barin gida yake farawa ya ƙare a Turai, a yankin da hanyar Agadas ta ratsa tsakiyarsa, kada mu yi mamakin abin da zai ƙudurta. Alhali Issaka Daboré ya kawo wa Nijar tagulla a damben Olamfik na Munich a 1972, Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a tekwando a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Na huɗu kuwa batun kuɗi ne. Masu talla labari suke bi. Tashar Dambe Warriors da aka buɗe a YouTube a 2017 ta kai damben Hausa gaban mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Ɗan kokowar da aka san labarinsa ya fi samun mai tsaya masa.

Akwai masu cewa Damargu na da abin da ya fi wannan gaggawa: ƙarancin ruwa, damina mai gardama, tsadar hatsi, rashin tsaro a hanyoyi. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a ɗebi kuɗin rijiya a sayi kyamara. Akwai kuma malaman da ba sa son a yayata kiɗa da layu, kuma damuwarsu abin saurare ce. Sai dai yaran nan suna kallo ko mun so ko mun ƙi, tambayar ita ce me za su kalla. Ita kanta gasar ta 1975 an kafa ta ne ƙasa tana fitowa daga farin 1973 da 1974, shugabannin lokacin ba su ce a jira sai an ƙoshi kafin a haɗa kan 'yan ƙasa ba. Fim na gaskiya kuma shi ne zai nuna wa yaro cewa gumi ke kada mutum, ya rage masa dogaro da camfi.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Hukumar kokowa ta ƙasa da gidan talabijin su fito da tsoffin kaset, a mayar da su kan kwamfuta, a bar masu shirya fim su yi aiki da su. Kamfanonin waya da matatar mai ta SORAZ, wadda ke ƙasar Olelewa tun 2011, su ɗauki nauyin fim guda a shekara da zai bi ɗan kokowa ɗaya daga gonarsa har filin gasa, a nuna shi ko ya ci ko an kada shi, don kada abin ya zama roƙo kamar wasu finafinan waje da taurarin da kansu ke biyan kuɗin yin su. A yi da Hausa, a fassara da Tamashek da Fillanci da Barbarci, a kai wa masu turin finafinai kyauta. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ma'aikatan rediyon karkara su fara da hira da tsofaffi, don wannan ne ba ya jira.

Kai kuma saurayin Damargu mai riƙe da salula, kana da abin ɗauka a hannunka. A garinku akwai tsohon ɗan kokowa da ya yi zamaninsa. Ka je ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka tambaye shi wa ya koya masa, wa ya kayar, wa ya kada shi, ka ɗauka ka adana, ka tura wa 'yan fadarku. Ka yi haka kafin kaka mai zuwa.