Zaitun Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Jama'a, man zaitun ɗin nan da kuke gani cikin kwalabe a kanti ba daga itace iri ɗaya yake fitowa ba. Irin zaitun ya fi 1,000, kamar dai yadda dawarmu take da ƙaura da farafara. Wani iri, kamar Picual na ƙasar Sifen, in an matse awo 5 na 'ya'yansa akan sami mai wajen awo 1. Wani kuwa, kamar Manzanilla, mansa kaɗan ne, yawanci ci ake yi.

To, ga abin da ya sami mutanen Salento a kudancin Italiya. Tun kaka da kakanni iri biyu suka dogara gare su, watau Ogliarola da Cellina. A 2013 aka gano wata cuta wadda wani ɗan ƙwaro ke ɗauka daga itace zuwa itace. Takan toshe jijiyoyin ruwa, itace ya bushe a tsaye. Miliyoyin itatuwa suka mutu, har da masu shekaru ɗaruruwa.

Sai aka lura Leccino, wanda ba shi da yawa a can, yana jure cutar ƙwarai. Da an tumɓuke shi tun farko fa? Yana cikin irin da hukuma ta yarda a dasa a gonakin da suka bushe.