Barkwancin 'Yan Kallon Ƙwallo a Yammacin Zamfara: Tsohuwar Al'ada a Sabon Dandali

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa wasan ƙwallon ƙafa minti 90 ne, amma hirarsa takan ci mako guda. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ran Litinin da safe, ko kuwa ya ratsa ta majalisar samari a ƙauye irin su Tungar Daji, zai tarar ana ta zolayar juna a kan wasan da aka buga a Ingila ran Asabar. In ya daɗa kasa kunne, zai lura cewa ba a daɗewa a kan ƙwallon. Kafin shayi ya huce magana ta koma kan bashi, da cefane, da kuɗin taki, da neman aure.

Yawancin dattawa da ma'aikata suna ɗaukar wannan hira a matsayin shiririta ta marasa aikin yi. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa tsohon wasan barkwanci na Hausawa ne ya sami sabon dandali, a bayyana aikin da yake yi wa jama'a, sa'an nan a nuna wani rauni da yake tare da shi wanda na gargajiya ba shi da shi.

Barkwanci a Gargajiyance

Hausa tana da kalmomi da dama na wasan baki, kuma kowace da inda ta dosa. Raha ita ce duk wata magana mai sa nishaɗi. Ba'a da zolaya su ne a taɓa mutum don a yi dariya. Habaici shi ne a yi da mutum ba tare da an kama sunansa ba, zambo kuwa muzantawa ce a fili, irin wadda maroƙa kan yi wa marowaci. Barkwanci ya bambanta da waɗannan duka, domin shi ba'a ce wadda al'ada ta ba da izininta tsakanin wasu mutane sanannu, ta kuma haramta wa wanda aka yi wa yin fushi.

Akwai barkwancin jini, watau na kaka da jika, da na taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda akan ga suna bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Akwai na aure, kamar na miji da ƙannen matarsa. Akwai kuma na ƙabilu da garuruwa, alal misali Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa. Kowane ɓangare yana kiran ɗayan bawansa, ba kuwa wanda ya taɓa kai ƙara gaban alƙali a kan haka.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan al'ada ba. A shekarar 1940 wani masanin halayyar al'umma na Ingila, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kanta, inda ya nuna cewa tana tasowa ne tsakanin mutanen da zama ya haɗa su amma akwai abin da zai iya raba su, sai wasa ya tare faɗa tun bai taso ba. A shekarar 2014 kuma hukumar UNESCO ta sanya barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin lura a nan shi ne, barkwancin gargajiya yana tafe da nauyi: abokin wasan mutum shi ne kuma wanda zai sauke shi in ya zo baƙunci, ya shiga tsakani in ya yi rigima.

Yadda Ƙwallo Ya Sami Shiga

Ƙwallo ya fara kai wa ƙauyuka ne ta akwatin rediyo. Ta nan aka ji Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar ƙasa a 1978, aka kuma ji Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas a 1980, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. A wancan zamani duk masu saurare ɓangare ɗaya suke, saboda haka murna ɗaya ce, baƙin ciki ɗaya.

Abin ya sauya bayan da aka kafa gasar Firimiya ta Ingila a 1992, tauraron ɗan'adam kuma ya fara kawo wasanninta kai tsaye. 'Yan wasan gida su suka ja hankalin jama'a can. Nwankwo Kanu, wanda ya jagoranci Nijeriya ta ci zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, ya koma Arsenal a 1999, dubban mutane suka bi shi. Haka Mikel Obi ya ja wasu zuwa Chelsea daga 2006. Wasu suka kama Manchester United ko Liverpool, wasu suka tsallaka Sifen wajen Barcelona da Real Madrid. Ƙungiyoyin gida, irin su Kano Pillars wadda ta ɗauki kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da Zamfara United ta Gusau, suna da nasu masoyan, amma wasanninsu ba su cika zuwa talabijin kamar na Turai ba.

Daga nan aka sami gidan kallo: rumfar kwano ko zana, da bencina, da talabijin, da janareta, da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Muhimmin abin da ya faru shi ne, mutanen gari ɗaya, masallaci ɗaya, kasuwa ɗaya, sun rarrabu gida-gida a kan abin da ba gona ba ne, ba sarauta ba, ba addini ba. Wannan kuwa ita ce ƙasar da barkwanci ya fi tsira a cikinta, watau rabuwar da ba ta da asara.

Abin da Ake Faɗa

Ana iya kasa wannan hira kashi uku.

Na farko shi ne tonon tarihi. Kamar yadda Babarbare ke da labarun da yake jifan Bafulatani da su, haka kowane magoyin baya yake da ajiyayyun ranakun kunyar abokin hamayyarsa. Ɗan Manchester United ba ya manta 8 da 2 da suka yi wa Arsenal a 2011. Ɗan Liverpool yana riƙe da 7 da nema da suka yi wa Manchester United a 2023. Ɗan Real Madrid kuwa, ko da yake ba ƙungiyarsa ce ta buga ba, yakan tuna wa ɗan Barcelona 8 da 2 da Bayern Munich ta yi musu a 2020. Lambar kaɗai ta isa. Mai kayan miya na iya ce wa abokin cinikinsa albasa takwas ce a kashi, har da gyara biyu, kowa a wurin ya san inda aka dosa.

Na biyu shi ne aron kalmomin fili a kai su cikin gida. Wanda budurwa ta sallama, an ba shi jan kati. Saurayin da ya daɗe yana zarya ba a ba shi rana ba, yana benci. Wanda ya riga yayansa zuwa neman aure ya yi satar gida. Magidancin da albashinsa ya ƙare tun wata bai raba ba, ya faɗa rukuni na biyu. Surukar da ba a iya wuce ta ita ce mai tsaron gida. A nan harshe ne yake ƙaruwa, domin kalmar da aka ƙirƙira don fassara wasan Turawa ta zama kayan adon magana.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne faɗin gaskiya cikin wasa. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, amma a nan har mai hankali ma haka ake faɗa masa. A cikin shekaru 20 da suka biyo bayan 2004, lokacin da Arsenal ba ta sake ɗaukar kofin Firimiya ba, mai shayi kan iya duban wanda yake bi bashi ya ce da harshensu na Zamfara, "Malam, wanga bashi naka, ko sai ran da kuka ɗauki kohi?" Sai a fashe da dariya, shi kuwa ya amsa, "Mai haƙuri shi ka dahwa dutse." An tuna masa bashi a gaban shaidu, bai ji kunya ba, mai shayi kuma bai rasa abokin ciniki ba. Da an faɗi maganar tsirararta, da mai yiwuwa gaba ce za ta biyo baya.

Haka nan tsadar rayuwa takan shigo ta wannan ƙofa. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin kunna janareta ya tashi, na shiga gidan kallo ma ya bi shi. Sai aka riƙa jin ana ce wa wanda ƙungiyarsa ta sha kashi ya biya kuɗin mudun gero don ya sayi ciwon kai. Dariya ce, amma a cikinta an faɗi abin da ke damun kowa.

Daɗin daɗawa, wannan fage yana sassauta tazarar girma. Yaron da ba ya iya haɗa ido da ƙanen mahaifiyarsa a zaure, yana iya ce masa, "Kawu, ya gajiyar jiya?" in an ci ƙungiyarsa. Masinja yana iya yi wa akawu "Yallaɓai, sai haƙuri," da murmushi a bakinsa. Girma bai zube ba, an dai buɗe masa taga.

Muhimmancinsa a Wannan Yanki

Yammacin Zamfara ya ga jarrabawa iri-iri. A 2010 aka gano gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Tungar Daji tana cikin ƙauyukan da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsu, tare da Dareta da Abare da Sunke da Yargalma. Bayan wannan sai ta'addancin 'yan bindiga. A watan Janairu na 2022 an kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gwamnati ta ce mutum 58 suka rasu, mazauna yankin kuwa suka ce sun kai kimanin 200.

Irin wannan hali yana cinye wuraren haɗuwa tun kafin ya cinye dukiya. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar, an rufe kasuwannin mako, an kuma hana sayar da fetur a jarka, alhali kuwa da jarka mai gidan kallo yake sayen mansa. Manyan wasannin Turai da dare ake buga su, dare kuwa shi ne lokacin da mutane suka fi tsoron fita. Inda dandali ya mutu, kasuwa ta tsaya, hirar dare ta ɗauke, abin da ke saura shi ne jita-jita da zargin juna.

A nan ne darajar wannan hira take fitowa. Rikicin ya ɓata tsakanin manoma da makiyaya, ya sa ana yi wa mutum kallon ƙabilarsa kafin halinsa. Rabon gidan kallo kuwa bai san wannan iyaka ba. Bahaushe da Bafulatani da Badakkare da Ibo mai shagon magani suna iya zama 'yan Chelsea gaba ɗaya, su haɗu a kan wani ɗan Arsenal wanda ɗan'uwan ɗayansu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensa ya zo Anka ba shi da gona ko rumbu a can, amma yana da ƙungiya, kuma ta ishe shi samun wurin zama a benci da wanda zai tsokane shi. Wanda ake tsokana kuwa an san da zamansa.

Inda Raunin Yake

Duk da haka, akwai bambanci babba tsakanin sabon barkwanci da tsohon. Na gargajiya gadonsa ake yi, yaro yana tashi ya ga iyakarsa a wajen manya, kuma in an wuce gona da iri akwai dattijon da zai tsawata. Na ƙwallo zaɓensa ake yi, ba shi da dattawa, kuma yana aukuwa ne a daidai lokacin da zuciyar wanda aka ci take tafasa. A watan Mayu na 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, wani direba a Jihar Ribas ya kutsa da motarsa cikin masu murna, ya kashe mutum 4. Wannan shi ne ƙarshen wasan da ya rasa linzami.

Abu na biyu da ke ɓata shi shi ne caca. Barkwanci yana yiwuwa ne domin babu wanda ya yi asarar kome. Da zarar mutum ya zuba kuɗin cefanensa a kan wasa, ya daina zama abokin wasa, ya zama mai hasara, kuma ba a yi wa mai hasara dariya a zauna lafiya.

Saboda haka masu hankali a cikin 'yan kallo sun riƙe ƙa'idojin da suka gada daga tsohuwar al'ada, ko sun sani ko ba su sani ba. Ba a sa iyaye, ba a sa addini, ba a taɓa lalurar jikin mutum. Ba a zolayar wanda aka yi wa rasuwa ko aka sace wa ɗan'uwa, ko da an ci ƙungiyarsa goma. Wanda ya yi dariya yau kuma, wajibi ne ya fito gobe in an ci tasa, domin ɓuya ran kunya shi ne babban laifi a wannan fage.

Kammalawa

An ga cewa hirar 'yan ƙwallo reshe ce ta barkwancin Hausawa, tana tuna bashi ba tare da gaba ba, tana ba talaka hanyar faɗin damuwarsa, tana kuma zaunar da mutanen da rikici yake son ya raba a benci ɗaya. Ga ɗalibai, nan akwai fagen nazari da ke jiran masu tattara kalmominsa da salonsa, musamman a karin harshen Zamfara, kafin su shuɗe. Ga ma'aikatan hukuma kuwa, ya kamata a san cewa duk dokar da ta rufe wurin taruwar jama'a, ko da ta zama dole, tana da farashi, kuma ya dace a lissafa shi. Garin da aka koma jin samarinsa suna gardamar bugun daga kai sai mai tsaron gida bayan sallar isha'i, to lafiya ta fara komowa garin ke nan.