Porsche 911: Motar Da Fijo Ta Sauya Wa Suna

Ba mu taɓa ganin Porsche 911 a kan hanyar Anka zuwa Gummi ba. Amma mu da muka tashi a Nasarawa Burkullu muna jin labarin Fijo 504 a bakin iyayenmu, ashe mun san wanda ya jawo mata wannan suna.

A 1963 kamfanin Porsche na Jamus ya baje kolin sabuwar motarsa a birnin Frankfurt da lamba 901. Sai kamfanin Peugeot na Faransa, wato Fijo, wanda daga baya ya riƙa haɗa motoci a Kaduna, ya ce bai yarda ba, domin lamba uku mai sifiri a tsakiya tasa ce, kamar 403 da 404. Jamusawa ba su ja ba. Suka cire sifirin suka sa 1, aka fara sayar da ita a 1964.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne injin. Idan kuka buɗe gabanta wurin kaya za ku tarar, injin yana can baya, kamar na Volkswagen Beetle mai kama da kunkuru. Ba abin mamaki ba ne, don Ferdinand Porsche, wanda ya kafa kamfanin, shi ya tsara Beetle. Injin na farko mai lita 2 ne, silinda shida kwance, uku suna fuskantar uku, da ƙarfin doki 130, tana gudun kusan kilomita 210 a awa. Ba ta da lagireton ruwa, fanka ke hura wa injin iska. Ku duba kan injin babur ɗin gidanku: layukan ƙarfen nan da ke jikinsa aikinsu ke nan, su sallama zafi ga iska. Sai a 1998 Porsche ya daina ƙera 911 mai wannan tsari.

Sai dai injin baya yana da ranarsa. Nauyin yana danne tayoyin baya su kama ƙasa, amma idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana da gudu, bayan motar kan nemi ya wuce gabanta. Masu karanta fiziks, ku kai wa malaminku wannan tambaya.

Ta kuma taɓa zuwa makwabtanmu. A 1984 wata 911 da aka ɗaga, aka sa duk tayoyinta huɗu suna ja, ta ratsa hamadar Nijar ta lashe tseren Faris zuwa Dakar.